Littafin Gahawa: Ina Koya wa Harshena Magana

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na sayi littafi mai shafi tamanin a Kasuwar Barci, na rubuta "Gahawa" a bangonsa. Duk abin da na ɗanɗana daga yau, a nan zai kwana.

Hajiya ce ta jawo. Da ta dawo Umra a watan jiya, cikin tsarabarta har da ƙullin garin gahawa irin ta Larabawa da 'yan finjalai shida. Ta dafa mana da la'asar, ta ajiye dabino a faranti. Ni da na shekara goma sha biyar ina shan Nescafé da madara da sukari cokali uku a teburin mai shayin bakin layinmu na Tudun Wada, na zaci na san gahawa. Abin da ta zuba mini ruwan ɗorawa ne fatsi-fatsi, ba sukari, ɗacinsa kaɗan, sai ƙamshin hel, wani kayan ƙamshi da Larabawa ke sa wa gahawa, da wani garɗi kamar na sabuwar gyaɗa. Na ce, "Hajiya, wannan da abin da nake sha duk ƙwaya ɗaya ce?" Ta ce, "Kai da kake koyar da kimiyya kake tambayata?"

Na kai maganar ɗakin malamai. Wani abokin aikina ɗan Barnawa, wanda yakan sha giyar inabi lokacin Kirsimeti, ya ce ai a wajensu ɗanɗano ilimi ne da ake zama a koya: a duba launi, a shinshina, a kurɓa, a faɗi ƙasar da inabin ya fito. Ni ba na shan giya kuma ba zan sha ba, amma maganar ta zauna mini. Da na bincika sai na tarar masu gahawa suna da irin wannan ilimin, har ma kalmar ƙahwa a tsohon Larabci suna ne daga cikin sunayen giya kafin ta koma kan wannan abin sha. Sufayen Yaman ne suka fara riƙe ta a ƙarni na 15 don ta hana su barci a zikirin dare.

Kayan aikina zuwa yanzu: sikelin kicin mai auna giram, fararen kofuna shida iri ɗaya, cokali biyu masu zurfi, da ƙaramin turmin da uwargida ta yarda ta bar mini bisa sharaɗin ba za a sake daka yaji a ciki ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Zama na farko. Wani ƙanena da ke aiki a Abuja ya aiko mini ta jirgin ƙasa da ƙulli uku na soyayyar ƙwaya, na je Rigasa na karɓo: ɗaya ta Barazil, ɗaya ta Kenya, ɗaya ta Habasha daga yankin Yirgacefe.

Ƙa'idar masu sana'ar ɗanɗanon gahawa ita na bi. Giram 8.25 na gari ga ruwa mililita 150, ruwan ya kai zafin digiri 93. Kaduna tana da ɗan tudu, ruwa yana tafasa wajen digiri 98 a nan, don haka idan na sauke buta nakan jira kamar minti ɗaya. A zuba ruwa a kan garin cikin kofi, ba tacewa, a bar shi minti huɗu. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Sai ka sunkuya, hancinka dab da kofin, ka fasa ɓawon da bayan cokali. Ƙamshin da ke fitowa a wannan lokacin ba ya jira, in ka rasa shi ya tafi. Daga nan a kwashe kumfa, a bari ya huce, a ɗebo da cokali a zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara, don ruwan ya fantsama ko'ina a baki.

Na yi duk wannan, na ɗauki biro, kuma abin da na iya rubutawa a kofi ukun shi ne: ɗaci, ɗaci da tsami, ɗaci kaɗan. Na ji bambanci sarai, amma ba ni da sunan da zan ba shi. Abin ya dame ni har dare.

Lahadi, 15 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, hancina ya toshe kwana takwas. Duk kofunan sun koma ruwan zafi mai ɗaci. Da ma ina koya wa ɗalibai cewa harshe abu biyar kawai yake ganewa, sauran duk aikin hanci ne ta bayan maƙogwaro. Yanzu na gani a jikina. Na dakata har in warke.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wannan makon ne aikin ya sauya, don haka zan tsawaita.

Akwai wani zane mai kama da faifai da masu ɗanɗanon gahawa ke amfani da shi. Ƙungiyar masu gahawa ta Amurka ta fitar da shi a 1995, aka sabunta a 2016. Su ma sun tarar da irinsa a wajen masu giyar inabi, wanda Ann Noble ta jami'ar Kalifoniya da ke Debis ta tsara a shekarun 1980. A tsakiyar faifan akwai manyan rukunai, 'ya'yan itace, fure, kayan ƙamshi, gyaɗa da cakulan, sai kuma su yi ta rarrabuwa zuwa baki. Na buga shi a takarda na manna a bango, na yi mako biyu ina kallo. Matsalar ita ce rabin abubuwan da ke jiki ban taɓa sa su a baki ba. 'Ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi ne. Ta yaya zan ce gahawa tana kama da abin da a hoto kawai na san shi?

Ranar Laraba ina zaune da kofin Kenya, uwargida tana tace zoɓo a gefe. Na miƙa mata cokali na ce ta taɓa. Ta yamutsa fuska ta ce, "Malam, ai wannan zoɓo ne da ba a sa wa sukari ba. Ga baurin nan ma a gefen harshe."

Bauri. Na ajiye cokalin. Turawa sai sun yi dogon bayani kafin su kama wannan abin da ke ɗaure baki ya busar da shi, mu kuwa duk yaron da ya taɓa cizon ɗanyar kanya ya san sunansa. Na buɗe sabon shafi na fara jero abin da muke da shi: ɗaci, tsami, zaƙi, bauri, garɗi, gafi irin na wake da bai nuna ba, maƙaƙi da ke kankare maƙogwaro, zartsi na ruwan rijiya, ƙauri na abin da ya kama a tukunya, salam na abin da ba shi da komai. Sannan kauri da tsinkewa, kamar yadda ake faɗa a kunu. Hajiya ta shigo ta tarar da mu, ta ƙara mana galmi, ta ce shi ne ɗanɗanon da bai kai zaƙi ba kuma bai zama salam ba, irin na ruwan wasu tafkuna.

Jiya na shiga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da leda, na sayo tsamiya, goruba, busasshiyar magarya, aduwa, garin kuka, garin ɗorawa, mazarƙwaila, ƙuli-ƙuli, dabino iri biyu, kanumfari, kimba, masoro da citta. Na zuba kowanne a ƙaramar kwalba. Kafin in taɓa gahawa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ido a rufe.

Ga abin da na rubuta yau, kuma hannuna har rawa yake don murna:

Barazil: garɗin ƙuli-ƙuli, zaƙin mazarƙwaila can ƙasa, kauri sosai, tsami kusan babu.
Kenya: zoɓo, da tsamiya idan ta huce, bauri kaɗan a ƙarshe.
Yirgacefe: tsinkakkiya kamar shayi, ƙamshin ɓawon lemun tsami da wani fure da ban gano ba tukuna.

Na cire faifan Amurka daga bango na sa a cikin littafi. Zan riƙa duba shi, amma nawa zan zana.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin ruwa. Gahawa ɗaya, kofi uku: ruwan rijiyar burtsatsen gidanmu, ruwan leda, da ruwan roba. Na burtsatse ya kashe tsamin Kenya gaba ɗaya, ya bar wani zartsi. Dalilin a fili yake, ruwan da ke da sinadarin kanwa-kanwa yana cinye tsami, kamar yadda ake jefa kanwa a miyar yakuwa. Sama da kashi 98 cikin ɗari na abin da ke cikin kofi ruwa ne. Na tsayar da ruwan roba iri ɗaya don zaman Asabar kawai, sauran kwanaki aljihu ba zai ɗauka ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙanena ya yi waya ya ce, "Yaya, kayan naka fa sun tashi." A wannan watan farashin arabika, wato irin gahawar da nake ɗanɗanawa, a kasuwar Niyok ya haura dala 4 kowane fam na nauyi, abin da ba a taɓa gani ba, saboda fari ya taɓa gonakin Barazil, ita ce kuwa ta fi kowace ƙasa noma ta. Biyetnam ke bi mata, amma tata yawanci robusta ce, mai ɗaci, mai kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kusan ninki biyu na arabika, wadda aka fi zubawa a gahawar gwangwani.

Wannan ya sa na waiwayo gida. Ana noman arabika a tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, inda tudu ya kai wajen mita 1,600 kuma sanyi ya ishe ta. Can ne ma gonar shayin Kakara take. Wani direban babbar mota a unguwarmu da ke zuwa Gembu ya yi alkawarin kawo mini ɗanya. Na ba shi kuɗin mudu biyu.

Ƙulli na huɗu kuma ya iso daga Abuja, na Harar a gabashin Habasha. A jikin takardar an rubuta wai tana da ɗanɗano mai kama da giyar inabi. Gabana ya ɗan faɗi, na ajiye ta kwana biyu ina karatu. Ashe hanya biyu ce ta sarrafa 'ya'yan gahawa. Ko a ɓare naman a wanke ƙwayar kafin a shanya, kamar yadda aka yi wa Yirgacefen da nake da ita, ko a shanya ɗan gaba ɗaya da namansa har makonni, ƙwayar ta tsotsi zaƙinsa. Ta Harar ta biyun ce. Ko da wani abu ya ɗan tsima a naman lokacin shanya, barasa tana ƙafewa a digiri 78, suya kuwa tana wuce 200. Hankalina ya kwanta. Da na fasa ɓawon kofin sai ga ɗinya. Ɗinya sak, irin wadda ta nuna ta yi baƙi ƙirin har ta fara laushi, wadda muke tsinta a ƙauye muna yara bakinmu ya yi baƙi. Na daɗe zaune ban ɗaga cokali ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kwana takwas. Na mayar da zaman bayan tarawihi, kofi biyu kawai, kuma ina zubar da abin da na kurɓa a wani kofi daban kamar yadda masu sana'ar ke yi, in ba haka ba sahur zai same ni ido biyu. Na lura hanci ya fi kaifi dab da magariba, don haka nakan shinshina busasshen gari a lokacin, in rubuta, in bar kurɓa sai dare. Bayan ƙosai da kunun tsamiya harshe ba ya jin komai sai an ba shi awa biyu.

Baffa ya zo buɗa-baki ranar Alhamis, ya ga kofuna a jere. Ya ce, "Kai kuma wace sabuwar bidi'a ce wannan?" Na ce, "Allah ya ja kwana, Baffa, ai an riga ni shan wannan tambayar." Na ba shi labarin yadda a 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya tara malamai da likitoci aka hana shan gahawa, daga baya hanin ya faɗi. Ya yi dariya ya ce in ajiye masa kofi bayan Sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ta Mambila ta iso da Sallah. Ɗanyar ƙwaya kore-kore ce mai toka-toka, tana warin ciyawa da buhu. Na baje a faifai, ni da 'yata babba muka tsince kamar ana tsintar shinkafa: baƙaƙe, fasassu, waɗanda ƙwaro ya huda, tsakuwa biyu. A giram 500 mun fitar da 70. Abin ya ba ni takaici, don ƙasar ba ta yi laifi ba, hannun da ya tsinka ɗanye da nunanne tare ya shanya a ƙasa shi ne ya rage mata daraja, shi ma don ba wanda ke biyansa ladan tsinta.

Suyar farko a kasko kan gas ta lalace. Wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye, kofin ya haɗa ƙauri da gafi a lokaci guda. Uwargida ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, gyaɗa ma ba a yi mata haka. Ka rage wuta, kuma hannunka kada ya tsaya." Ta karɓi muciya ta nuna mini yadda ake juyawa daga gefe zuwa tsakiya.

Ta biyu na zauna da agogo. Minti biyar na farko ƙwayar ta koma rawaya, tana ƙamshin ciyawar da ta bushe. Wajen minti bakwai ta yi launin ƙasa, ƙamshin ya koma na burodi a gidan biredi da asuba. Wannan shi ne haɗuwar sukari da furotin da Bafaranshen nan Maillard ya bayyana a 1912, abin da nake rubuta wa ɗalibai a allo, yau ga shi a kaskona. Dussa ta fara tashi tana manne mini a gira. A minti goma sha ɗaya sai na ji ƙas, ƙas-ƙas, kamar gugguru. Fashewar farko ke nan, wajen digiri 196, lokacin da tururin ciki ya tsaga ƙwayar. Na ƙara minti ɗaya da rabi na juye a faifai, muka yi ta fifita a tsakar gida. Giram 200 ta koma 169. Wasu ƙwayoyi sun ƙi yin launi, sun tsaya fari-fari, waɗannan ɗanyu aka tsinko, na cire su.

Na bar ta kwana uku iskar da ke cikinta ta fita. Sakamako: garɗin gyaɗa, zaƙin goruba, ɗan tsami mai laushi kamar na magarya, sai warin buhu da ya ƙi tafiya.

Asabar, 3 ga Mayu

Na je Panteka da zane a takarda. Wani maƙeri ya haɗa mini ƙaramar ganga mai huji-huji da marfi da hannun juyawa, wadda ake ɗorawa kan murhu. Da na ce gahawa zan soya sai ya ce, "Malam, ai injin gyaɗa ne ƙarami." Gaskiyarsa. Suya ta daidaita sosai, sai dai ba na ganin launi, da kunne da hanci nake aiki.

Asabar, 24 ga Mayu

Na fara tsoron ko ina yaudarar kaina ne, ina jin abin da na riga na sa rai zan ji. Akwai gwajin da ake yi don wannan. Kofi uku, biyu gahawa ɗaya, ɗaya daban, a ce ka fitar da baƙon. Mai canki-canka zai dace sau ɗaya cikin uku. 'Yata ce ke jera kofunan, ta manna lamba a gindinsu, ni ina waje.

Tsakanin Barazil da Harar na ci shida cikin shida. Tsakanin Barazil da Mambila, huɗu cikin shida. Amma tsakanin suyata ta minti 12 da ta minti 13, wadda na cika shafi guda ina bayanin bambancinsu a makon jiya, biyu kawai na ci. Wato ban ji komai ba, zuciyata ce ta rubuta shafin. Na ja masa layi da jan biro, ban yage ba. Daga yau duk abin da zan rubuta sai an rufe mini suna tukuna.

Damina ta sauka, ɗanyar ƙwayar ta fara ɗaukar danshi. Na juye ta daga buhu zuwa bokiti mai murfi, na ɗora kan kanta nesa da bango.

Asabar, 14 ga Yuni

Mako guda bayan Babbar Sallah na cika wa Baffa alkawari. Mun zauna a zaure mu biyar: shi, abokin aikina na Barnawa, mai shayin bakin layi, ƙanena da ya zo hutu, da ni. Na soya ta Mambila tun Talata. Na kunna turaren wuta na ajiye gugguru, kamar yadda Habashawa ke yi a zamansu mai zagaye uku, amma sai na fitar da kaskon turaren kafin a fara, don hayaƙin yana rufe hanci.

Ban faɗa wa kowa abin da ke cikin kofunan ba. Mai shayi ya fara, ya zuƙa ya ce na biyu ya tsinke, ba zai ɗauki madara ba. Yirgacefe ce, kuma ya faɗi daidai. Abokin aikina ya ce baurin Kenya irin wanda suke nema ne a jar giyar inabi. Baffa ya ƙi cokali, ya ce shi ba jariri ba ne, ya ɗauki finjalin Hajiya. Ya kurɓi na huɗu, ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya yi shiru. Can ya ce, "Wannan akwai goruba. Amma an ajiye ta a inda bai dace ba, tana warin rumbu." Na buɗe littafi na nuna masa shafin 5 ga Afrilu. Ya sa tabarau ya karanta da kansa, sannan ya ce furen da na kasa ganowa a ta Habasha in je in shinshina furen lemu idan ya buɗe, zan same shi. Na rubuta.

Faifaina yanzu yana da kalma 41, goma sha ɗaya daga bakin Hajiya da uwargida suka fito. Direban Gembu ya ce ya san manomin da ya saya a hannunsa. Na ba shi saƙo: a kaka mai zuwa a tsinko mini jajaye zalla, mudu biyar, a shanya a kan gado na kara maimakon ƙasa, a zuba a sabon buhu, zan biya ninki. Ya ce zai dawo da amsa ƙarshen wata.